Injina Arba'in a Rumfar Korar Tsuntsu

"Kowa ya kwanta! Kwanta na ce, tsoho!"

Malam Sunusi bai kwanta ba. Ba taurin kai ba ne, gwiwa ce. Shekara saba'in da ɗoriya yana tsugunno a fangalin shinkafa, yanzu kuma an zo ana ce masa ya zube kamar buhu. Ya dafa turmi, ya fara sauka a hankali.

"Ina kan hanya, yaro," in ji shi. "Ka daina nuna ni da abin nan."

Rana tsaka ce, ranar kasuwar Bunkure. Ƙauyenmu Marken Ruwa babu kowa sai tsofaffi da kaji. Mutum uku ne suka faɗo gidan, fuskoki a naɗe. Na gaba gajere ne, da hular sanyi a wannan zafin, da bindiga ƙirar gida. Shi ne Baballe, ogansu. Na biyu ƙato ne mai adda, Tambaya. Na ukun siriri, Mudassiru, ba shi da makami ko allura. Kwandon tumatir kawai ya rungumo.

"Ina injin sola?" Baballe ya daka tsawa.

"Wane inji?"

Inna Kubra, matar gidan, ta leƙo daga bayan randa. "Mu da ko injin markaɗe ba mu da shi, bayin Allah!"

Babu wanda ya kula ta. Mudassiru ya fara zagaya tsakar gida da kwandonsa. Ɗaki, shiru. Rumbu, shiru. Ya nufi bayan garken awaki, inda aka tara buntun shinkafa.

Ƙit! Ƙit-ƙit-ƙit!

"Nan ne, Oga."

Tambaya ya zura hannu cikin buntun har kafaɗa. Ya ja. Sai ga injin ban-ruwa sabo fil, ko ledarsa ba a gama cirewa ba.

Bakin Malam Sunusi ya buɗe ya ƙi rufuwa. Da hannunsa ya binne injin nan bayan sallar asuba, babu mahalukin da ya gani.

"Au!" Inna Kubra ta miƙe tsaye, ta manta da bindiga. "Dama nan ka ɓoye shi, Malam? Ni ma ba ka gaya min ba?"

"Ki kwanta, Hajiya!"

"Shekara arba'in da aure..."

"Mu ware!" in ji Baballe.

Suka fice. Akori-kura ta tashi a ƙofar gida, ta bi hanyar kanal tana tsalle. Duka-duka abin bai kai minti biyar ba. Inji na tara ke nan a wata guda.

* * *

Mutanenmu suna da haƙuri da ɓarawo fiye da yadda suke da haƙuri da abin da ba su gane ba. Wani ya rataye injinsa a cikin rijiya, an zo an zaro. Wani ya sa a ƙarƙashin gadon surukarsa, an zo an ɗaga tsohuwar da gadonta. Ɓarayin ba sa bincike, kai tsaye suke zuwa.

Da la'asar majalisa ta cika a gindin marke. Malam Sunusi ne a tsakiya, har yanzu da buntu a gemunsa.

"Ni ban yarda da zancen asiri ba," ya ce. "Wa ya san wanda ya karɓi inji da wanda bai karɓa ba? Wa ke riƙe da littafin sunaye? Mutum ɗaya ne!"

Bai kama suna ba. Bai ma buƙata ba. Kowa ya juya ya kalli Malam Sada.

Malam Sada shi ne shugaban ƙungiyar manoman rani, shekara goma sha tara. Shi ke raba ruwan kanal, wannan ɓangare yau, wancan gobe, kuma ba a taɓa jin ya ƙara wa gonarsa ko cokali ba. Shi ya yi ta zirga-zirga har kamfani ya kawo wa ƙungiya injina arba'in da tara. Ba shi da mota, ba shi da bene. Abin da ya tara a duniya shi ne in ya ce ruwa zai zo Talata, mutane su kwanta da yardar zai zo.

"Sunusi," ya ce a hankali, "tare aka yi mana kaciya."

"Shi ya sa abin ya fi min ciwo!"

Aka yanke magana. Juma'a ta sama, bayan an sauko, za a karɓi littafin a hannun Malam Sada, a kuma miƙa shi ga hukuma.

Da magariba ya shiga masallaci ya tsaya inda ya saba, kusa da Malam Sunusi. Aka ta da sallah. Malam Sunusi ya janye ƙafarsa. Na hagu ma ya matsa. Aka bar masa fili dama da hagu a tsakiyar sahu, wanda akuya za ta iya wucewa.

Da ya koma gida ya kasa cin tuwo. 'Yarsa Surayya ce ta zauna gabansa. Ta gama karatun kwamfuta a jami'a a Kano, tana jiran kiran bautar ƙasa.

"Baba, ka ci ko loma biyu."

"Surayya, da injina suka ɗauka da na ci," ya ce. "Wallahi da na ci har da ƙari."

Ta ga hawaye a idon mahaifinta, abin da ba ta taɓa gani ba. Ranta ya ɓaci ƙwarai.

* * *

A wani tsohon gidan casar shinkafa da aka daina aiki da shi, can hanyar Kadawa, 'yan fashin suna shan rake da hantsi.

Tambaya ya zauna nesa da kwandon. Bai taɓa yarda da shi ba.

"Ni fa har yanzu na ce aljani ne a ciki."

"Aljanin gidanku," in ji Mudassiru. Da can mai gyaran waya ne a Kura, kafin son banza ya ja shi. Ya ɗaga ganyen da ya rufe kwandon. Wata na'ura ce kamar faranti, an haɗa ta da waya da batir. "Sau nawa zan gaya maka? Kowane inji akwai 'yar sitika a jikinsa, kamfani ya manna saboda garanti. Na'urar nan tana aika tambaya ta iska: waye nan? Sitikar ta amsa da lambarta. Ko bayan katanga take, in dai ba ta wuce taku goma sha biyar ba."

"To buhun taki ma ai akwai sitikar. Da katin ƙungiya."

"Na taki da ashirin da biyu yake farawa. Na kati da goma. Inji kuwa saba'in da bakwai. In na ga saba'in da bakwai, an gama."

"Kuma ba ta ƙarya?"

"Ba ta iya ba. Duk wanda ya tambaye ta sai ta faɗa. Sakarya ce."

Baballe ya tofar da ɓawon rake. "Ku bar surutu. Saura arba'in. Ina son su duka kafin a yi girbi."

"Oga," Mudassiru ya sosa ƙeya, "taran nan fa? Har yanzu ba mu san inda ka kai su ba."

"Kana tuhumata ne?"

"A'a, wane ni."

"To ka riƙe kwandonka, in riƙe harkata."

Baballe ya miƙe ya gyara hular sanyinsa. Ba ya cire ta sai zai yi wanka, wai tun da ya fara sa ta ba a taɓa kama shi ba. Ya ratsa ta gefen kwandon.

Ƙit!

Ya tsaya. "Meye haka?"

Mudassiru ya yi wuf ya kashe na'urar. "Batir ne, Oga. In ya yi sanyi haka yake."

* * *

Kwana biyu Surayya tana juya abin a ranta. Inna Kubra ce ta ba ta bakin zaren, da ta zo ɗebo wuta tana ba da labari karo na ashirin.

"Kwandon ne ke kuka, 'yar nan. Ƙit-ƙit, kamar ɗan tsako."

Surayya ta ajiye tsintsiya. Ta san wannan kukan. Ta ruga ofishin ƙungiya ta ɗauko na'urar da suke duba garanti da ita. Ta fita bayan katangar gidansu, ta danna.

Ƙit-ƙit! Lambar injin babanta ta fito ɓaro-ɓaro, shi kuwa yana can ƙuryar ɗaki an lulluɓe shi da bargo.

"Baba! Ba mutum ba ne ke kai rahoto! Injinan ne da kansu!"

Washegari ta hau mota zuwa Kano. Ta yi wa mutanen kamfanin bayani, ta yi musu faɗa, ta sake yi musu bayani. Ranar Talata ta dawo da kwali guda na sababbin sitiku.

Maza suka ƙi sauraronta. 'Yar wanda ake zargi ce za ta shiga gida ta ga maɓoya? Sai ta bi ta wajen mata. Suka taru a tsakar gidan Inna Kubra, kowacce da abin tsinta a faranti.

"Tsohuwar sitika suna ɗaya gare ta," in ji Surayya, "kuma kowa ya tambaya sai ta faɗa. Wannan sabuwar akwai wata lamba ta sirri a cikinta, makulli. Daga ita sai na'urar ƙungiya suka san shi. Duk sanda aka tambaye ta, sai ta ƙirƙiro sabuwar lamba, ta cakuɗa da makullin, ta miƙa abin da ya fito."

"Ba mu gane ba," in ji wata.

"Inna, in kin daka yaji, barkono da citta da kanumfari da sauran abin da ke kika sani, wata za ta iya tsince su ɗaya-ɗaya ta gane sirrinki?"

"Ta isa!"

"To haka lissafin yake, ba ya komawa baya. Kuma kowane dakan da ɗan abin da take sauyawa, yau daban, gobe daban. Baƙo zai ga lamba, amma ba zai san inji ba ne, ko taki, ko katin da ke aljihun Malam. In ya sake tambaya, wata lambar zai gani, ba zai ma san abu ɗaya ne ya amsa masa sau biyu ba. Na'urar ƙungiya kuwa tana da makullin. Sai ta yi irin dakan a wajenta, ta gwada. In ya zo ɗaya, ta san namu ne."

Inna Kubra ta tafa hannu. "Wato ta koyi rufe baki!"

"Ba ta rufe ba, Inna. Surutu take, amma babu abin kamawa a ciki."

"Irin na Malam ke nan."

Aka kwashe da dariya. Kafin maza su dawo daga gona, mata sun buɗe mata ɗakuna da rumbuna. Kwana biyu tana ɓamɓare tsofaffi tana manna sababbi, a injina, a buhuna, a katuna. Tsofaffin sitikun injina arba'in ta zuba a bokiti ta ajiye a ƙofar ofis, za ta ƙona da safe.

To a nan ne halinmu ya shigo. Mu a Marken Ruwa ba a yar da abu. Tsohon takalmi marfin tulu ne, fasasshiyar roba kaskon kaji. Malam Sunusi ya zo wucewa da yamma, yana harare-harare. Ya leƙa bokitin. Bayan sitikun wani zanen azurfa ne, yana walƙiya in rana ta taɓa shi. Shinkafarsa kuwa ta fitar da kai, tsuntsayen jan-baki sun hana shi sakat. Duk mai shinkafa ya san abin da jan-baki ke tsoro: abu mai ƙyalli yana lilo a iska.

"Wannan za a ƙona?" ya ce. "Almubazzaranci!"

Ya rataya bokitin a kan kekensa.

* * *

Alhamis da hantsi akori-kura tana bin hanyar kanal a hankali. Baballe ke tuƙi. Mudassiru na baya da kwando, gumi na zuba.

"Me ka gani?"

"Oga... lambobi."

"Saba'in da bakwai?"

"Babu. Ga wata ta fara da tara. A'a, ta koma hamsin da uku. Kai! Ta sake!"

"Gida nawa ne?"

"Gida ɗaya ne, amma na ga lamba ta fi ɗari!"

"Na faɗa muku," in ji Tambaya. "Aljanin ya haukace."

Suka gwada sa'a a wata bukkar gona da na'urar ta yi ta kuka. Tambaya ya ɓalle ƙofar da kafaɗa. Rabin buhun taki suka tarar da kaza a kansa tana kwanci. Kazar ta bi shi da sara har mota.

Baballe ya shaƙo wuyan rigar Mudassiru. "Kai, ɗan gyaran waya! Ka sayar da ni ne?"

"Wallahi an sauya sitikun ne! Wannan lissafi ne mai makulli, ko shekara dubu zan yi ba zan fasa shi ba. Oga, harkar nan ta mutu. Mu haƙura."

"Uwarka ce ta mutu!"

Suka karya kwana suka bi ƙaramin kanal, ta gefen gonakin shinkafa. Can sai kwandon ya ɓarke.

Ƙit-ƙit-ƙit-ƙit-ƙit-ƙit!

Mudassiru ya zaro ido. "Saba'in da bakwai! Ga wata! Ga wata! Oga, tsaya!"

Ƙiiii! Mota ta tsaya.

"Nawa?"

"Talatin da takwas... arba'in. Arba'in cif!"

Taku goma sha biyu daga hanya, a cikin shinkafa kore shar, akwai wata rumfa da aka kewaye da zana. Baballe ya yi wata dariya har da buga sitiyari.

"Shegu ƙauyawa! Sun tara min su wuri ɗaya!"

"Oga, dakata. Inji arba'in a wannan 'yar rumfar? Kuma lambobin suna zuwa suna ɗaukewa, kamar ana kaɗa su..."

Tas! Mari.

"Ɗauko kwandonka ka biyo ni!"

* * *

Awa guda kafin nan, Surayya ta iso ofis da ashana da kalanzir. Babu bokiti. Ta duba baya, ta duba ciki. Ta ruga gidan Inna Kubra.

"Ai Malam ne," in ji Inna Kubra. "Jiya ya hana ni barci, sai da na zura masa su a zare ɗaya bayan ɗaya. Suna can bayan rumfar korar tsuntsu suna rawa."

"Duka arba'in ɗin? Wuri ɗaya?"

"Har yana cewa da ma sun kai ɗari."

Surayya ta dafe kai. Sai kuma ta sauke hannun a hankali. Duk faɗin yankin nan, wuri ɗaya tak ya rage da zai amsa wa ɓarayi da gaskiya.

"Shi Malam ɗin yana ina?"

"Yana cikin rumfar mana."

"Innalillahi!"

Ta kira Sufeto Usaini, wanda wata guda ke nan yana bin sawun ɓarayin nan ba barci. Bayanin makulli da dakan yaji bai shige shi ba, amma ya gane magana ɗaya.

"Kina nufin kin san inda za su je?"

"Na sani, ranka ya daɗe. Kuma akwai tsoho a wurin."

"Ku hau mota!" ta ji ya yi wa yaransa tsawa.

* * *

Baballe ne ya fara dirowa daga kan hanya, bindiga a sama. Tambaya na biye da adda.

Caɓal!

Abin da ba su sani ba, ran Alhamis ne rabon ruwan wannan ɓangaren. Tun asuba Malam Sada ya zo ya buɗe ƙofar ruwa, kamar yadda ya yi shekara goma sha tara. Mutumin da ya kira shi ɓarawo a bainar jama'a ne mai gonar, amma rabo rabo ne. Awa biyar ruwa na kwanciya a ƙarƙashin shinkafar. Manomi ya san a kan kunya ake tafiya. Su kuwa suka yanka ta tsakiya.

Taku uku, taɓo ya kai gwiwa. Taku biyar, Tambaya ya nutse har cinya.

"Oga! Ƙasa na cin mutum!"

"Ci gaba, ƙaton banza!"

Baballe ya ja jiki ya kai ga rumfar. Ya fizge zanar da hannu ɗaya.

"Kowa ya kwan—"

Tsoho ɗaya ne a kan gadon kara, da gwangwani da tsakuwa a ciki. A bayansa zare ne a miƙe, sitiku arba'in suna lilo suna walƙiya.

Malam Sunusi ya kalli hular sanyin. Ya gane ta.

"Kai ne kuma? To yau ma ba zan iya kwanciyar ba."

"Ina injinan?!"

"Kai zan tambaya!"

Wiii-wiii-wiii! Jiniya daga babban kanal.

"Cinnaku!" Tambaya ya kurma ihu. "'Yan sanda, Oga! Ja ni! Ja ni!"

Baballe ya ɗaga bindiga ya danna. Ƙyas. Ta sha ruwa. Ya jefar da ita ya juya. Tsakaninsa da hanya taɓo ne, sai faffaɗan bayan Tambaya da ya sunkuya yana ƙoƙarin zaro ƙafa.

Bai yi tunani sau biyu ba. Ya taka gadon bayansa — ya taka kafaɗa — ya yi tsalle!

Ƙarass! Wani ƙashi ya amsa. Fuskar Tambaya ta nutse a caɓi.

"Oga, ni fa?" Mudassiru ya miƙo hannu daga bakin kunya. "Oga!"

Baballe ya ture shi da ƙafa, ya faɗa mota. Ta tashi da ƙura.

Motar 'yan sanda ta iso. Ba a yi harbi ko ɗaya ba. Igiya aka nemo, mutum huɗu suka ja Tambaya kamar ana fitar da saniya daga rijiya. Ya fito ba wando, taɓo ya riƙe.

Surayya, wadda 'yan sandan suka biya suka ɗauko, ta diro daga bayan motar. Ta wuce kowa ta ɗauki kwandon da ke gefen kunya, ta ɗaga ganyen.

"Kai ka haɗa wannan?"

Mudassiru ya sunkuyar da kai. "Ke kika sauya sitikun?"

"Ni ce."

"Aikin ya yi kyau," ya ce, kamar zai yi kuka.

"Ogan naku fa, ina zai nufa?" in ji Sufeto Usaini.

Mudassiru ya kalli sawun takalmin da ke ƙirjin rigarsa. Ya goge hanci.

"Ban san inda zai je ba, ranka ya daɗe. Amma na san lambarsa."

"Lambar waya?"

"Lambar hularsa. Tun inji na farko na ɓamɓare sitikar na cusa a cikin naɗin hular, ranar da ya shiga wanka. Na san wata rana zai ci amanarmu. So nake in bi shi in ga inda yake kai kaya. In lambar ta fito a wayar, ba na ƙirga ta." Ya nuna kwandon. "Tsohuwar sitika ce. Ba ta iya ƙarya ba."

* * *

Baballe bai yi nisa ba. A tashar lodin tumatir manyan motoci sun toshe hanya, kamar kullum a wannan lokacin. Ya yar da akori-kurar ya shige cikin jama'a.

Sufeto Usaini ya tsaya ya riƙe ƙugu. Fili guda, kwanduna a kife sun fi dubu, masu lodi na ihu, dillalai na rantsuwa.

"A nan za mu nemi mutum?"

"Ku biyo ni," in ji Surayya.

Ta rungumi kwandon Mudassiru ta shiga layi na farko. Lambobi suka yi ta zuba a wayar, na katunan manoman da ke wurin, kowacce ta fito ta sauya, babu wadda ta nuna mai ita. Layi na biyu, haka. Layi na uku—

Ƙit!

Saba'in da bakwai. Ta ƙi sauyawa.

Ta yi taku biyar. Ƙit-ƙit-ƙit! Ta tsaya gaban wani babban kwando da ke kife, ta nuna da haɓa.

Sufeto ya ƙwanƙwasa da kan sanda. "Salamu alaikum. Masu gida suna ciki?"

Kwandon ya miƙe da ƙafafu biyu ya zura da gudu! Bai ga gabansa ba. Ya yi karo da tulin tumatir ɗin da ya ruɓe, ya yi sama, ya dawo. Da aka ɗaga kwandon, Baballe na zaune ja-wur tun daga kai har ƙafa, hular sa'a na nan daram.

"Wa ya tona ni?" ya ce. "Wa?"

Surayya ta zare hular, ta warware naɗin, ta ɗaga 'yar sitikar sama yadda zai gani.

* * *

Kafin la'asar ya faɗi inda kayan suke, wata busasshiyar rijiya a bayan gidan casar. Injina tara, babu wanda ya ɓata.

Amma ba komai ne ya dawo ba. Tumatirin Malam Sunusi na gonar tudu, wanda injin ke shayarwa, ya yi kwana goma babu ruwa, ya ƙone ƙurmus. Haka na mutum biyar cikin taran. Noman rani guda ya tafi. Tambaya ya shiga gidan yari da karyayyen ƙashin wuya, har yau hannunsa na dama ba ya ɗaguwa sosai. Baballe ya samu shekarun da zai fito da furfura. Mudassiru ya samu sassauci, amma hannun da ya iya haɗa wannan na'ura yanzu kaftu yake a gonar gidan yari. Shi kam ina jin takaicinsa.

Ran Juma'a aka taru a gindin marke kamar yadda aka yanke. Surayya ta sa aka ɓoye tsohuwar sitika a hular mai unguwa, ta gano ta daga bayan taro. Ta sa aka ɓoye sabuwa, ta miƙa wa duk mai so na'urar ɓarayin ya gwada. Aka yi ta danne-danne ana dariya. Maganar karɓar littafi babu wanda ya ko tuna da ita.

Malam Sunusi bai ba Malam Sada haƙuri a wurin ba. Sufeto kawai ya tare, yana neman a dawo masa da sitikunsa da aka kwashe wai shaida ce, jan-baki sun dawo.

Sai da magariba. Malam Sada ya shigo masallaci a makare, ya tsaya can ƙarshen sahu, inda ya koma tsayawa kwanakin nan don kada ya takura kowa. Liman ya ce a daidaita sahu.

Sai aka ga Malam Sunusi ya bar wurinsa na gaba. Ya ratso mutane yana ɗingishi, yana dafa kafaɗu, har ƙarshen sahun. Ya tsaya. Ya matso da ƙafarsa mai faso har ta taɓa ta Malam Sada, ya haɗa kafaɗa da kafaɗa.

"Ruwan ya iso ran Alhamis," ya ce ƙasa-ƙasa. "Na gani, Sada."

"Ai ranarka ce," in ji Malam Sada.

Liman ya yi kabbara. A daren nan Malam Sada ya cinye tuwonsa, ya ce a ƙaro.